Sharar Da Aka Yi Wa Bature

Har gobe ban manta da ranar da aka share mana shaida da tsintsiya ba. Lokacin ina kofur a cikin 'yan dokan En'e a Haɗeja, an gama yaƙin duniya, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai aka kawo ƙara daga wani ƙauyen masunta bayan Guri cewa an kwashe bandar kifin Sarkin Ruwa daga rumbu.

Da na isa, na tarar har sun ɗaure wani Bukar, baƙon masunci daga Barno. Hujjarsu ɗaya ce, wai ba ɗan garin ba ne. In aka kai shi gaban alƙali a haka, gidan yari zai wuce.

Na zagaya bayan rumbun, sai ga sawun ɓarawo raɗau a laka, ƙafar hagu babu babban yatsa. Na duba ta Bukar, yatsunsa cif. To amma bakin kofur ba shaida ba ne. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a rufe sawu har Baturen 'yan sanda ya zo ya zuba wani farin gari da yake kwaɓawa, in ya daskare a ɗago siffar ƙafar a kai kotu. Na kife ƙwarya a kai, na ce wa mai unguwa, "Baba, gobe Bature zai zo. Ya tarar da ƙwaryar nan a inda na bar ta."

"Haba Kofur," in ji shi, "mu za a koya wa karɓar baƙo?"

Washegari na taro Baturen a Guri, shi da shugabana Saje Audu. Muna shiga ƙauyen na ga abin da aka yi. An share ko'ina tas, an yayyafa ruwa, bayan rumbu har an barbaɗa farin yashi. Ƙwaryata na nan a wurinta, an wanke ta ƙal. Bature ya ɗaga ta, ƙasa sumul. Fuskarsa ta yi jawur, ni kuwa na fara ban kwana da igiyata ta kofur. Da na haɗa ido da Bukar, wallahi tausayinsa ya fi tsorona.

Saje bai yi faɗa ba. Ya zauna ya sha fura, ya yi ta yabon sharar, ya ce Bature na son ya san wanda zai gode wa. Sannan ya bi mutane ɗai-ɗai da tambaya, yadda ake yi wa shaidu don kada su haɗa baki. Da ya zo kan wata tsohuwa, sai ta tuntsire da dariya.

"Ɗana, mu dandali muka share. Bayan rumbu kam Tanko ne, ƙanen Sarkin Ruwa, ya fizge tsintsiya daga hannuna. Mutumin da ko tabarmarsa ba ya kakkaɓewa!"

Aka kira Tanko ya zo ya karɓi godiya. Ya taho sanye da takalmi sau-ciki, cikin zafin nan. Amma wa ya isa ya gai da manya da takalmi a gaban mai unguwa? Ya tsaya yana 'yan kame-kame, dattawa suka daka masa tsawa, dole ya tuɓe ya durƙusa. Kowa ya ga ƙafar. Bandar kuwa a ƙarƙashin kifaffen jirginsa aka same ta, ni da hannuna na kwance Bukar.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba mugunta ta sa suke ɓata shaida ba, kunyar baƙo ce, kuma ɓarawo ya san haka fiye da mu. Shi ya sa har na bar aiki, in na ga sawu ban ƙara cewa wani babba zai zo ba. Tabarma nake nema in zauna a gefensa.