Rigar da Na Ara wa 'Yata

Ni dillalin shanu ne, ban yi boko ba. Abin da ya haɗa ni da gasar wasan kwaikwayo ta 'yan makaranta, 'yata ce ta fari.

Da can tsakanin makarantun Daura kawai ake yi, a ba waɗanda suka ci kofi. Sannu a hankali abin ya kai Katsina, har aka ce zakarun jiha za su je su kara da na ƙasa baki ɗaya. Makarantarsu ta mata ce zalla, don haka su ne ke fitowa a maza. Wata rana ta ce, "Baba, ara mini tsohuwar babbar rigarka."

"Kasuwa za ki?"

"Dillali aka ba ni."

Na je na kalla. Ta fito da gemun auduga, ta buɗe bakin wata ƙawarta da aka lulluɓe da buhu a matsayin bijimi, ta duba haƙora, ta taɓe baki. Da aka yi tayi, sai ta yi gyaran murya kafin ta ce albarka. Ban san haka nake yi ba sai ranar. A kasuwar Mashi abokan sana'a suka daɗe suna tsokanata: "Alhaji, turo mana yarinyar, ta fi ka iya ciniki."

Suka ci a Katsina. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa yana taka-tsantsan. Babu wanda ya kafa wa wasan doka. Iyaye aka tara kan tafiya gasar ƙasa, wani ya ce mace da kayan maza a gaban baƙi bai dace ba, wani ya kawo nisan hanya. Na ce na yarda, motata ma zan bayar. Amma mahaifin mai fitowa a bijimi ya janye 'yarsa, wasu suka bi shi. Dillali kuwa ba ya ciniki shi kaɗai.

Malamarsu ta ce mini, "Alhaji, sai baɗi in Allah ya kai mu." Kafin baɗi 'yata ta gama makaranta, ƙungiyar ta watse.

Yanzu gasar ta bunƙasa, har a talabijin nakan gani. 'Yata kuwa tana koyarwa a Baure. Kwanaki na ce ta yi wa 'ya'yanta dillalin nan su gani. Ta yi gyaran murya, sai ta tsaya, ta yi murmushi.

"Baba, na manta."

Ban matsa mata ba. Na daɗe a kasuwa, na san fuskar wanda ya fasa sayarwa.