Ndego da Kufan Kolbore

Ndego maƙwabcinmu ne a kan tudu, amma in an tambaye shi garinsu sai ya ce Kolbore, alhali tun kafin a haife ni babu mai kwana a can.

Ƙauyen yana cikin kwari, inda kogi ke faɗawa kan duwatsu yana kumfa. Ƙasar baƙa ce, dawa har ta fi ƙarfin rumbu. Sai dai a kumfar nan ɗan baƙin ƙuda mai cizo yake ƙyanƙyasa. Mutum ya fara da ƙaiƙayi, ƙafa ta yi dabbare-dabbare, kafin furfura ta fito masa ido ya tafi. Gida-gida aka riƙa tashi ana hawa tudu, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Gidan su Ndego ne na ƙarshe, yana saurayi, ido ɗaya ya riga ya mutu.

Gwaggonsa Apoka, tsohuwa makauniya, ta ƙi tashi.

"Mijina da 'ya'yana uku suna kwance gindin ɗorawar nan," in ji ta. "Wa zan bar wa su?"

"Gwaggo, da mun gama ɗaki zan dawo in goya ki."

"To, ka taho mini da taba."

Gini ya ja, damina ta sauka, kogi ya datse hanya. Sai bayan wata huɗu ya koma, taba a aljihu. Ya tarar da tukunya a kan murhu, sandarta a jingine bakin ƙofa, ita da ko bayan gida ba ta zuwa ba sanda. Kwana uku yana kiranta cikin ciyawa. Ko ƙashi bai gani ba.

Ya auri Alarba, ɗayan idon ya rufe, ya zauna yana tukar igiya yana kiwon zabi. Shekara talatin suka shuɗe. Jirage suka yi ta feshi a kogi, aka raba ƙwayoyi, ƙuda ya yi sauƙi. Mu da tsakuwa ta ishe mu muka ce za mu koma noman kwari, amma babu wanda ya san iyakar gonar kakansa sai Ndego. Alarba ta riƙe kan sanda, muka bi su.

"Ja ni a hankali, baiwar Allah, ba jaki kika saya ba."

"Jaki ai ya fi ka jin magana, tsoho."

Da muka isa ya cire takalmi. Ya taka dutse ya ce nan gonar Akugri ta fara. Ya shafa kuka ya ce daga nan zuwa rafi ta gidan Ayamba ce. Duk kufan da ya zo sai ya tsaya ya ce, "Masu gida, kun tashi lafiya?" ya ɗan jira. A gidan farko mun yi dariya. A na uku babu wanda ya yi.

Gindin wata ɗorawa ya ƙame.

"Wa ke niƙa?"

"Ruwa ne a kan duwatsu," in ji Alarba.

"Na san muryar kogin nan kafin in san taki. Niƙa ake yi."

Muka kasa kunne, ni dai ban ji komai ba. Ya durƙusa, ya dafa ƙasa.

"Gwaggo, ni ne. Na makara."

Ya roƙi dattawa kada garma ta taɓa wajen, suka yarda. Yau kwarin nan albasa ce da masara har bakin ruwa, motoci na ɗauka zuwa kasuwar Bawku, sai wannan ɗan fili da ciyawarsa ta fi tsayin mutum.

Bai ƙara sauka ba. Ya yi shekara shida bayan nan, magana kaɗan, igiya da yawa. Ya rasu lokacin yankan geron fari. Alarba ta gaya mini a ciwonsa na ƙarshe abu ɗaya ya dame ta da shi: ta juya masa tabarma, kunnensa ɗaya da ya rage yana ji ya koma wajen bango, don kada ya ji niƙan.