Ranar da Kawu Gado Ya Buga Kalangu

Kun dai san Kawu Gado ba ya wuce abu bai ƙwanƙwasa shi ba. Ƙofa, randa, kankana a kasuwa, tayar mota, duk sai ya sa ɗan yatsa ya yi ƙwas-ƙwas, ya karkata kai yana saurare. Ranar da mijina ya je gaishe shi kafin aurenmu, cikinsa ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Dije, babu komai a ciki, amma itacen mai kyau ne."

Abu guda ne ba ya bugawa: ganga. Ku ji fa! Mutumin da ya bar koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya ƙare rayuwarsa yana bin makaɗa da rediyo mai kaset tun daga Gaya har Zabori, yana tambayarsu fatar mece ce wannan, wa ya koya maka, me gangar ta ce yanzu. Ɗakinsa cike da kalangu da kotso da gangar noma, har matarsa Inna Hajo ta rasa inda za ta ajiye kwanoninta. Amma ya buga? Ina! "Mu ba gidan makaɗa ba ne," in ji shi. "Ni mai kunne ne, ba mai hannu ba."

Kun tuna da 'yan orkes, makaɗan zamani, suka ƙetaro gada daga Malanbil da tarin gangunan nan da farantan ƙarfe, waɗanda mutum ɗaya ke bugawa da hannu da ƙafa? Kowa na rawa, sai aka ruga aka ce wa Inna Hajo mijinta ya faɗi. Ta zo da buta tana salati, ta tarar da shi rub da ciki a babbar riga, hancinsa dab da ƙafar makaɗin.

"Malam, lafiya?"

"Matsa, Hajo, kin tare mini haske. Yaron nan har ƙafarsa ta samu sana'a!"

Ta shekarar da babban kwamanda ya zo gari kuwa, har yau ban manta da ita ba. Kun san zamanin sojan nan, ko tari ba a yi a layi. Sai ga Kawu ya fito tsakar fili, ya nufi sojan da ke buga tambari, ya ce, "Ɗana, gangarka mura take yi." Wayyo! Aka jefa shi a mota. Muna ta kuka, la'asar sai ga shi yana tafe yana cin gyaɗa.

"Kawu, me suka yi maka?"

"Cewa suka yi in bayyana abin da nake nufi. Na fara daga fatar akuya. Ban ma kai fatar saniya ba suka ce don Allah in tafi gida."

To ni tawa ta ɗana Nasiru ce. Ya fara zama, amma in na kira shi ba ya waiwayowa. Tasa ta faɗi a bayansa, ko gezau. Ubansa na hanyar Kotonu da tirela. Mata suna ta cewa yara maza haka suke, ni kuwa ban yarda ba. Na goya shi na tafi wurin Kawu, na ce, "Kawu, ina jin ɗana kurma ne."

Ya ce ganga ce za ta raba gardama, sai dai Bawa makaɗi ya tafi kiɗan gayya ƙauye, mu jira shi zuwa Juma'a. Na ce to, hawaye na zuba. Ya dube ni. Ya dubi bango. Ya ce, "Hajo, rufe ƙofar gida."

Ya sauko da kalangu, ya rataya a juye, ya gyara, ya zagaya bayana inda yaron ba zai gan shi ba. Ya buga.

Jama'a, ban taɓa jin abu mai muni haka ba! Kamar jaki na harbin ƙofar kwano. Nasiru ya zabura, ya waiwaya, ya tsala ihu har da shure-shure. Ni dariya, ni kuka. Sai muryar maƙwabciya ta kan katanga: "Hajo! Wa ya bar yara suna wasa da gangunan Malam?"

Kawu ya mayar da kalangun bango a hankali, ya share gumi. "Kunnensa garau, har ya san mugun kiɗa. Ba kurma ba ne, Dije, raini ne irin na ubansa."

Bai sake bugawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Jiya na ga Nasiru ya tsaya jikin randa, ya yi ƙwas-ƙwas, ya karkata kai. Sai da na zauna.

Allah ya jiƙan Kawu Gado, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya ajiye girmansa don kunnen ɗana, Allah ya jiyar da shi daɗin da kunne bai taɓa ji ba. Amin.