Muryar Yayana a Wayar Inna

Yayana direba ne a hanyar Gusau zuwa Funtua. Wata safiya ya ɗauki fasinjoji ya fita, bai dawo ba. An tsinci motarsa kusa da Kucheri, ƙofofi a buɗe. Mun yi cigiya har muka gaji. Da shekaru suka ja, alƙali ya yanke hukuncin a ɗauka ya rasu, matarsa ta yi takaba, daga baya ta yi aure a Tsafe. Innarmu ta koma gidan ƙanwarta a Bungudu, ta daina ambatonsa sai a cikin addu'a.

Babbar 'yarsa tana hannuna a Gusau, tana karatu. Ita ta adana hotunansa da duk saƙonnin murya da ya taɓa turo mata. Wata ƙawarta ce ta nuna mata manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ba hoton mutum da muryarsa, sai ta sa shi ya faɗi abin da aka rubuta mata. Yarinyar ta rubuta abin da ta daɗe tana son ji: "Ina nan lafiya, kada ku damu." Don kanta ta yi, ta tura wa ƙawar kawai. Daga nan ya bazu.

Ina koyarwa a aji ƙanwar Inna ta kira ni, tana kuka tana dariya. "Zo maza, ɗan'uwanka na da rai! Mun gan shi a waya!"

A tasha na kalli bidiyon da ta turo mini. Fuskarsa ce, har da tabon goshinsa. Muryar ma tasa ce, da ɗan shaƙewar nan. Na koma gida da gudu in yi wa 'yarsa albishir, na tarar da ita a ƙofar ɗaki. Kafin in buɗe baki ta ce, "Baba, ni na yi shi."

Ban yi mata faɗa ba. Na ce ta ɗauko mayafinta.

A Bungudu mun iske gida cike da mata 'yan barka. Inna ta sa an share ɗakin baƙi, an jiƙa gero. Na roƙi a ba mu wuri, na durƙusa na yi mata bayani iya fahimtata. Ta girgiza kai.

"Ni na haife shi. Kai za ka gaya mini muryar ɗana?"

Sai jikar tata ta ɗauki hotona a nan gabanta, ta sa na yi 'yan maganganu a wayar. Jim kaɗan ta miƙa wa Inna. Ga ni a ciki ina cewa ina Makka, alhali ina zaune a kan tabarmarta, bakina a rufe. Inna ta dubi wayar, ta dube ni, ta sake duban wayar. Sai ta ajiye ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Ashe sau biyu zan yi makokinsa."

Yarinyar ta kifa kai a cinyarta tana neman gafara. Inna ta dafa ta. "Kewa ce, ɗiyata, na sani. Amma wanda ya tafi bai ba kowa izinin bakinsa ba."

Washegari na hau mota zuwa Tsafe, don labarin ya riga ni isa can. Mutane sun fara cewa auren matar yayana bai halatta ba, mijinta har ya ƙaurace wa ɗakinta, ga ta da goyo. Sai da muka je gaban limamin unguwarsu na maimaita bayanin. Ya gamsu, ya sanar bayan sallar La'asar. Mijin ya koma, amma ta ce mini har yau akwai matan da ba sa amsa gaisuwarta da sakin fuska.

Mun goge bidiyon a wayoyinmu, na wayoyin mutane kuwa ba mu da iko da shi. Ko a watan jiya wani tsohon abokin aikin yayana ya tare ni a tashar Gusau, ya riƙe hannuna da murna, yana tambaya ko yaushe zai dawo. Na ja shi gefe, muka zauna a benci, na fara yi masa bayani tun daga farko.