Man Rana a Kan Tuwo

Baffa, ƙanin mahaifinmu, zabiya ne, kuma makiyayi. Kullum ya dawo daga kiwo a bakin dajin Falgore wuyansa ya yi jajir, ya ɗaye, har gyambo yake yi. Ko a tsakar gida ba ya cire rawani, don kunya.

Saboda shi ƙanwata ta nace wa karatun haɗa magunguna a jami'a. Da hutu ta dawo mana da wani farin mai na kare fata daga rana, aikinta na shekara guda. Ta ce da man kaɗanya da ruwan zogale ta haɗa shi, kuma an naɗe maganin cikin ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, don kada rana ta kashe ƙarfinsa.

Goggo, yayar su Baffa, ta ce, "Abin da ido ba ya gani ai aljani ne, 'yar nan."

Zafi ya fara narkar da man a roba, sai ƙanwata, sarkin dabara, ta juye shi a ƙoƙo, ta rufe da faifai, ta ajiye gindin randa. To, a gidanmu duk farin abin da ke cikin ƙoƙo a gindin randa man shanu ne. Kuma wanda ya dawo daga tafiya, Goggo ba ta yi masa rowar man shanu.

Da azahar aka sauke tuwon dawa da miyar kuka, mai na ta ƙyalli a kai. Na kai loma ɗaya na ji ɗaci har ƙeya, amma wa ya isa ya kushe girkin Goggo? Muka yi ta haɗiya. Baffa kuwa har ya nemi ƙari.

Sai da ƙanwata ta je ɗauko ƙoƙonta muka ji salati. Ta zauna daɓas tana kuka, ni ina ta tambayarta ko mutuwa za mu yi. Ta ce ba za mu mutu ba, sai dai mu yi zarya bayan gida. Mun kuwa yi.

Baffa ya shafa ciki ya ce, "Shi ke nan, hanjina ya huta da rana."

Goggo ta ce ita dama ta ga man bai yi ƙamshi ba, ta ɗauka laifin saniyar ne.

Ɗan abin da ya rage a gindin ƙoƙon ƙanwata ta lakato da yatsa, ta shafa wa Baffa a gefen wuya kafin ya fita washegari. Da yamma ya dawo wuya ja kamar kullum, sai wurin nan kaɗai, daidai faɗin yatsa, fari tas.

Wallahi dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni. Mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin wuyansa sosai ba, ranar ya warware rawani ya bi bukka-bukka yana duƙawa, yana cewa kowa ya duba.