Mai Amsawa a Madadin Matattu

Kafin ta taɓa tsintsiya, sai ta tsaya a ƙofar ɗakin tsofaffi ta kasa kunne, don ta san ko wace ce ita yau. Na gadon bakin taga ya kira ta Inna. Tsohuwar lungu ta ce mata ƙanwata, ta tambaye ta ko an ɗaure awaki. Wani ya daka mata tsawa wai ta makara da ruwan wanka, a gidan da aka rushe tun ba a haife ta ba. Duk waɗanda ake kiran nan suna ƙarƙashin ƙasa. Ita kuwa sai ta ce, “Na'am,” ta shiga canza zanen gado.

Aikinta shara ne da wanki da ba da abinci, a sashen asibitin da ake kwantar da tsofaffin da tunaninsu ya gushe. Gobe za ta ajiye aikin. Ma'aikata Iya Na'am suke ce mata. Mai gadi kullum sai ya tsokane ta: “Iya Na'am, yau ku nawa kuka zo aiki?” Ta ce, “Muna da yawa, buɗe ƙofar sosai.”

Masu jinya ba za su manta da wani tsohon direba ba. An kawo shi ya rufe baki ruf, ko ruwa sai da dabara. Yayarsa yake jira, wadda ta raine shi, wai ta ce kada ya ci sai ta dawo. 'Yarsa, baiwar Allah mai gudun ƙarya, kullum ta zo sai ta riƙe hannunsa ta ce, “Baba, Gwaggo ta rasu tuntuni.” Sai ya zaro ido, ya fashe da kuka irin na wanda aka faɗa wa yanzun nan. Washegari ya manta, ya tambaya, ta sake faɗa. Yana ta ramewa, har likita ya fara maganar saka masa roba ta hanci.

Wata rana da azahar 'yar ta taho da kwano. Tana kusa da ƙofa ta ji wani tsaki, dogo, mai karyewa a ƙarshe. Tsakin Gwaggonta. Sai wata murya ta ce, “Sarkin kuka, sai na zo da kaina?” Kwanon ya suɓuce mata. Wannan suna ba wanda ya sake furta shi tun ranar da aka fita da Gwaggo.

Ta leƙa. Iya Na'am ce zaune a gefen gado da cokali, tsohon yana haɗiya yana dariya.

A baranda ta tare ta. “Iya, don Allah, a ina kika san Gwaggo?”

“Ban san ta ba, 'yata. In ɗaki ya yi shiru, mahaifinki da murya biyu yake magana. Ya yi tasa, ya yi tata. Ni ina goge ƙasa ina ji.”

“Amma ai yaudara ce!”

“Ban taɓa ce masa ni ce ba. Ban ce tana raye ba. Ya kira, na amsa. Ke kuwa, ki yi haƙuri, kullum kika zo sai kin sake binne masa ita.”

'Yar ta jingina da bango. Can ta ce, “Gwaggon da na sani ba ta wasa. Ko murmushinta ban taɓa gani ba.”

“Ke tsohuwa kika tarar, wadda duniya ta gama tauna. Shi yarinya ya sani. Duka biyun an yi su. Kowa da gutsuren da ya faɗo hannunsa.”

Ke ce kika gane abin da ya shige mana duhu, Iya. Mu muna ɗaukar jiya wuri ne da aka kulle aka jefar da makulli. Ke kin ga mutanen da ke zaune a cikinta, da fitilunsu a kunne, suna jin takun mutanensu a tsakar gida. Ba ki fizgo su waje ba. Sallama kike yi, ki shiga, ki fito da kwano babu komai.

Da labarin ajiye aikinta ya bazu, 'yar ta zo ido jajir. “In kin tafi, wa zai amsa masa?” Iya Na'am ta ci gaba da goge ƙasa. Shekaranjiya, lokacin cin abinci, 'yar na zaune a gefen gado, tsohon ya ɗaga kai ya ƙwala, “Yaya!” Iya tana tsaye da bokiti, ta cije leɓe, ta ƙi amsawa. Ya sake kira. Ɗakin ya yi tsit, har tsohuwar lungu ta daina lissafin awakinta. A kira na uku muryarsa ta fara rawa.

“Na'am,” in ji 'yar, da ƙyar. “Me kuma ka ɓata?”

Ya daɗe yana kallonta, kallon da ya ratsa ta ya wuce zuwa wani wuri. Sannan ya ce, “Kin daɗe.” Ya buɗe baki.

Mun gode, Iya Na'am, uwar marasa uwa a ƙarshen rayuwa. Allah Ya saka miki, Ya ba ki mai amsa miki ranar da naki kiran zai ɓace hanya. Ku kuma masu tsoho a gida, in ya kira ku da sunan wanda ya riga mu, kada ku yi saurin gyara masa. Ku jawo kujera, ku tambaye shi su wane ne a gida yau.