Ba Tsufa Ne Ya Kifar da Jirgin Baba Labbo Ba

Kai da kake zaune a teburin mai shayi kana cewa tsufa da kwaɗayi ne suka kifar da jirgin Baba Labbo, ka taɓa shiga jirgin nan ko sau ɗaya? Ka san inda ake kira Bakin Kura? In ba ka sani ba, ajiye kofin ka saurara.

Ina mayanka da hantsi, hannuna dumu-dumu da jini, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Nasiru ne, ɗan baffana, da wayar aro. Ya ce, "Bello, jirgin Baba ya kihe. Kowa ya hita, shi ɗai na ba a gani ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai washegari masunta suka same shi can ƙasa, cikin ciyawar bakin gulbi. Muka yi masa sutura, muka kai shi makwancinsa.

Ni mahauci ne, ɗan Tudun Wada. Ban zauna aji ba, a tsofaffin jaridun da muke naɗe balangu na koyi karatun boko, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara, amma kada ya taɓa maganar. Idan damina ta yanke hanyoyin ƙauye, jirgin Baba Labbo ne hanyarmu ta zuwa cin kasuwa, mu da dillalan shanu da mata masu nono. Da Sallah kuma samarin gari su zo ya bi da su ta Bakin Kura don nishaɗi, suna ihu suna ɗaukar hoto.

Bakin Kura wani wuri ne can ƙasa da Kalambaina inda gulbi ya matse tsakanin duwatsu. Ruwa yana zuwa a guje, ya daki dutse, ya yi tsalle, ya koma fari fat kamar an zuba nono. Tun daga nesa kake jin rurinsa a ƙirjinka. Baba ya raba kwanakin wurin nan da sunayensa. Akwai ranar ruwan kowa, da zai ɗauki har tsohuwa da akuyarta. Akwai ruwan maza, da ba ya ɗaukar sai wanda ya iya iyo. Sai kuma ruwan ba kowa. Ran nan zai ɗaure jirgi a gindin giginya ya zauna yana gyaran gorar tuƙi, ko za ka yi kuka ba zai tashi ba. Na taɓa yi masa rashin kunya a irin ranar, domin kasuwa za ta wuce ni. Ya dube ni ya ce, "Ɗan mahauta, kasuwa tana ci wani mako. Kai hwa, kana da wani ran?" Wannan shi ne mutumin da yau ake kira mai kwaɗayi.

Dokarsa ɗaya ce ga kowa: a tuɓe babbar riga da takalmi, a zauna a ƙasan jirgi. Wata rana wani babban dillali ya zo da shadda tana ƙyalli, ya ƙi.

"Labbo, ka san da wa kaka magana?"

"Na sani, Alhaji. Gulbi na bai sani ba. Rigag ga in ta sha ruwa ta hi ka nauyi. Ko ka tuɓe, ko ka bi gada."

Gada kuwa tafiyar yini ce. Alhaji ya tuɓe ya zauna da 'yar shara tsakanin ƙwaryar nono da ɗan maraƙi, mata suna rufe baki da gyale. Da aka fita Bakin Kura, ruwa ya jiƙa shi sharkaf, shi ne ya fi kowa salati.

Baba bai taɓa tsoron farin ruwa ba. Cewa yake, "Ruwa mai kumhwa mai gaskiya na, shina hwaɗa maka inda dutse yake. Wanda yay yi shiru shi aka tsoro." Kuma yana da wata al'ada da ya gada daga mahaifinsa. Kowane rani, idan gulbi ya janye, sai ya ɗauki sanda ya bi cikinsa da ƙafa, daga mashigi har ƙasan duwatsu. Yana duba inda yashi ya taru, inda ya zaizaye, inda itace ya maƙale. Abin da ya gani da rani, shi yake tuƙi a kansa da damina. "Ruwan damina da rani aka karanta shi," in ji shi.

A ranin bana ya tarar da tifofi a ƙasan Bakin Kura, daidai inda ruwa yake hucewa bayan duwatsu. Suna kwasar yashi, sun yi rami da zai haɗiye ɗaki. Ya yi wa shugaban masu haƙar magana, aka ce masa suna da izini daga sama. Ya ce a nuna masa saman, aka yi dariya. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya je inda ake kai ƙara, aka ce za a duba. Ya dawo ya auna ramin da idonsa, ya ga idan ya raɓi gaɓar hagu zai wuce lafiya. Bayan haka aka zuba ƙarti masu sanduna a wurin, aka hana shi sake shiga. Masu haƙar kuma ba su daina ba. Suka ci gaba da haƙa, suka ci har gaɓar hagun nan, sai da ruwan farko ya kore su. Babu wanda ya tako ya ce, Baba, hanyarka ta canja.

Nasiru yana cikin jirgin, ga abin da ya gaya mini. Ranar ruwan kowa ce. Baba ya ratsa duwatsu kamar yadda ya saba, ko ƙwarya ba ta kife ba. Ya raɓi hagu. Ruwan wurin lumus yake, mutane har sun fara hira. Sai kan jirgi ya juya kamar an kama shi da hannu, ya yi kewaye, ya kife. Muryar Baba kawai ake ji: "Kowa shi riƙe jirgi! Kada a saki!" Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora hannuwansu a jikin katako. Wata tsohuwa mai nono ruwa ya ja ta tsakiyar ramin. Ya bi ta, ya turo ta har Nasiru ya cafki zanenta. Da Nasiru ya waiga, babu Baba. Tsohon da aka ce ƙarfinsa ya ƙare, shi ya fid da kowa.

Tun ba a tashi daga zaman makoki ba magana ta fara yawo: ya tsufa, ya cika kaya, idonsa ya mutu. Ban san bakin da ya fara ta ba, amma na san wanda take yi wa amfani. Yanzu an aiko wa Sani, babban ɗansa, cewa kada jirgin gidansu ya sake taɓa ruwa sai an gama bincike. Jirgin nan shi ne tukunyar gidan. Matarsa Inna Hajo tana takaba, ga jikoki. An ɗaure jirgi, ramin kuwa yana nan a buɗe ƙarƙashin ruwa, sauran masu jirage suna bi ta kansa.

Malam na Ƙofar Marke, wanda ya ja sallar gawa, ya kira ni gefe ya ce, "Bello, ka sassauta harshenka. Kwana ne ya ƙare." Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, na yarda kwana ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma ƙaddara ba ta tuƙa tifa." Ya ce in faɗi gaskiya, kada in zagi kowa. Shi ya sa ba ku ga zagi a nan ba, ba don ba ni da shi ba.

Allah Ya jiƙan Baba Labbo, Ya gafarta masa, Ya karɓi shahadarsa. Yadda ya riƙe hannun bayin Allah a cikin ruwa, Allah Ya riƙe nasa a kan siraɗi. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna Hajo haƙuri, Ya rufa wa Sani da ƙannensa asiri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Saura kai, mutumin sama, wanda ya ba da izinin haƙar. Ban san sunanka ba, amma kai ka san kanka, masu tifa ma sun san ka. Ba na son saƙo ta bakin yaro, ba na son buhun shinkafa a shigo da shi ta bayan gida. Ranar Juma'a, in an sallame, ka zo ƙofar gidan Baba, inda Inna Hajo za ta ji daga ɗaki, ka tsaya gaban jama'a ka amsa: wa ya ce a haƙa gaɓar hagu, kuma don me aka hana tsohon nan ya gani? Ka faɗa da ƙarfi, a kwance wa Sani jirginsa.